Ciwo a Ƙoda, Amai a Baki: Yadda Kansar Hanyar Fitsari Ke Toshe Mafitar Tumbi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Na rubuto maka ne game da mahaifinmu mai shekara 71, domin abin da likitocinsa suka gaya mana ya jefa mu cikin ruɗani. Kimanin wata uku ke nan da ya fara cewa da zarar ya yi loma biyu ko uku sai ya ji ya ƙoshi, cikinsa ya yi nauyi kamar an aza masa dutse. Daga baya amai ya biyo baya, kuma abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yakan amayar da abincin da ya ci jiya ko shekaranjiya, bai narke ba, ga wari. Sau biyu ana ɗora shi a kan maganin gyambon ciki, amma babu sauƙi, sai rama yake yi har rigunansa suka yi masa yawa. Makon jiya aka kwantar da shi, aka zura masa roba ta hanci, aka yi masa hoto, aka kuma leƙa cikinsa da na'ura. Daga nan aka ce mana tumbinsa lafiya ƙalau yake, wai kansa ce ta taso daga hanyar fitsari ta wajen ƙodar dama, ta matse hanyar da abinci ke fita. Likita, me ya haɗa kifi da kaska? Anya ba kuskure aka yi ba? Gaskiya ne bara ya taɓa gaya wa mahaifiyarmu cewa ya ga jini a fitsarinsa har sau biyu, amma da yake bai ji zafi ba, kuma jinin ya ɗauke da kansa, ba a je asibiti ba. Yanzu an ba mu zaɓi biyu, ko a saka masa wani bututun ƙarfe a hanji ko a yi masa tiyata, yayanmu kuma ya dage cewa a bar maganar tumbi a fara maganin kansar tukuna, tunda ita ce tushen ciwon. Don Allah ka warware mana.

Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa ciwon ya zama kaffara, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Bari in fara da abin da ya fi tsaya miki a rai: bisa bayanin da kika yi, babu alamar kuskure. Abin da likitocin suka gaya muku ba kasafai ake ganinsa ba, har likita yakan shekara da shekaru yana aiki bai ci karo da irinsa ba, amma sananne ne a fagen likitanci, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda kayan ciki suke a jere a ɗakin tiyata ba zai yi mamakinsa ba.

Mutane da yawa suna zaton ƙoda tana can ƙasa wajen ƙugu, tumbi kuma yana can sama, alhali kuwa ƙodojin biyu a sama suke, manne da bangon baya na ciki, a ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe. Idan abinci ya gama markaɗuwa a tumbi, yana fita ta wata ƙofa mai tsukewa da buɗewa ya shiga farkon ƙaramin hanji, wani guntu da tsawonsa bai wuce kimanin santimita 25 ba, wanda ya lanƙwashe kamar lauje ya zagaye kan fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci. Wannan guntun hanji ba ya lilo kamar sauran hanji, domin mafi yawansa a ɗaure yake da bangon baya, saboda haka idan wani abu ya turo shi ba shi da wurin gocewa. Sashensa na biyu, wanda ke gangarowa ƙasa, yana kwance ne a gaban bakin ƙodar dama, daidai wurin da fitsari ke taruwa kafin ya sauka, sashe na uku kuma yana gittawa ta gaban bututun da ke kai fitsari daga wannan ƙodar zuwa mafitsara. Babu abin da ke tsakaninsu sai ɗan kitse da siririn tantani. Maƙwabta ne da katanga ɗaya ta raba su, shi ya sa idan gobara ta tashi a gidan ƙodar dama, hayaƙin yakan fara fitowa ta gidan hanji. Wannan ne kuma dalilin da ya sa aka fi ganin irin wannan toshewa daga ɓangaren dama.

Ita hanyar fitsari, tun daga kwarmin ƙoda, ta bututu, har cikin mafitsara, fata iri ɗaya ce ta shimfiɗe cikinta, kuma daga wannan fatar ce mafi yawan kansar hanyar fitsari ke tasowa. Galibinta a mafitsara take fitowa. Wadda ke fitowa a sama, wato a kwarmin ƙoda ko a bututu, kashi 5 zuwa 10 ce kawai cikin ɗari, sai dai ta fi saurin ɓarna, domin bangon wurin siriri ne ƙwarai, ba kamar na mafitsara mai kaurin tsoka ba. Kusan biyu cikin uku na kansar saman hanyar fitsari ana gano su ne bayan sun riga sun kutsa cikin bango, alhali a mafitsara kashi 15 zuwa 25 ne cikin ɗari ake samu a wannan hali ranar da aka fara gano su. An fi ganinta ga maza, kuma ga waɗanda suka haura shekara 70, kamar dai Baba.

Idan ta ratsa bango ta fito waje, akwai hanyoyin da takan bi ta toshe hanji. Wani lokaci curin ne da kansa yake girma har ya danne hanjin ko ya ci bangonsa daga waje. Wani lokaci kuma kaluluwar da ke jere a bayan ciki, gefen manyan jijiyoyin jini, ita ce ke kumbura saboda kansar ta sauka a cikinta, sai ta matse hanjin. Akwai kuma wadda ta fi wahalar ganewa, inda kansar ba ta yin curi ko kaɗan, sai dai ta yaɗu shimfiɗe a bayan ciki, naman da ke kewaye da ita ya yi tauri ya ƙanƙance, ya shaƙe duk bututun da ya bi ta wurin. Irin wannan takan ruɗi mai duba hoto, domin ba ya ganin ƙullutun da zai nuna da yatsa.

Daga nan za ki gane abin da ya sa aka ce tumbin Baba lafiya ƙalau yake. Na'urar da ake zurawa ta baki cikin ɗaki kawai take gani, ba ta ganin abin da ke bayan katanga. Mai leƙawa zai tarar da tumbi ya buɗe ya yi girma, cike da tsohon abinci, ya wuce ƙofa, sai ya iske hanya ta tsuke har na'urar ba ta iya wucewa, amma fatar wurin sumul take. Idan ya tsinko ɗan nama daga wannan fata aka kai ɗakin gwaji, sau da yawa sakamakon yakan fito babu kansa, kuma na sha ganin iyali sun yi murna da irin wannan takarda, alhali ba ta wanke kowa ba. Hoton siti-sikan shi ne ke nuna abin da ke waje, sannan a tsinko nama daga ainihin wurin, ko dai da allura ta fata, ko da na'urar leƙen ciki mai sikanin a bakinta wadda ke iya soka allura ta bangon hanji. A ɗakin gwaji akan rina naman da wasu sinadarai da ke nuna asalin ƙwayoyin. Idan aka ga alamomi irin su GATA3 da yurofulakin, hankalin masana yakan koma ga hanyar fitsari maimakon tumbi ko fankiriyas. Ki tambayi likitocin ko an yi wannan gwaji, domin maganin kansar fankiriyas dabam, na kansar hanyar fitsari dabam, kuma ba a son a fara kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, a kan zato.

Game da maganin gyambon ciki da aka ba shi har sau biyu, ba zan yi saurin ɗora wa kowa laifi a kan karon farko ba, amma karo na biyu bai kamata a maimaita shi ba tare da an leƙa ba. A da, gyambon ciki ne kan gaba wajen toshe mafitar tumbi, domin idan gyambo ya daɗe yana warkewa yana dawowa, tabonsa yakan tsuke ƙofar. Al'amarin ya sauya bayan fitowar magungunan rage asid, simetidin a 1976 da omefurazol a 1988, da kuma gano ƙwayar cutar da ke haddasa mafi yawan gyambon, aikin da ya sa Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka sami kyautar Nobel a 2005. A wuraren da waɗannan magunguna suka wadata, fiye da rabin manya da ke zuwa da toshewar mafitar tumbi kansa ce ke janyo musu, mafi yawa ta fankiriyas ko ta tumbin kansa. Saboda haka dattijon da ke amayar da abincin jiya yana kuma ramewa, leƙawa ake yi kafin a sake rubuta masa ƙwaya.

Akwai gwajin da ba ya bukatar na'ura, wanda tsofaffin malamanmu suka koya mana a bakin gado. Akan kwantar da marar lafiya bayan ya yi awa uku ko huɗu bai ci bai sha ba, a ɗora abin sauraro a saman cibiya, a kama ƙugunsa a girgiza shi a hankali. Idan mafita ta toshe, sai a ji ruwa yana kaɗawa a ciki kamar an jijjiga gorar da ba ta cika ba. Launin aman ma yana ba da labari. Ruwan maɗaciya yana zuba ne a sashe na biyu na wannan guntun hanji, don haka idan toshewar tana sama da wurin, aman ba ya zuwa da kore, idan kuwa tana ƙasa da shi, sai a ga kore ko rawaya mai ɗaci. Idan kuna lura da wannan, ku riƙa gaya wa likitan da ke zagayen safe.

Yanzu ga maganar yayanku. Tunaninsa yana da ma'ana a zahiri, tunda kowa ya san daga tushe ake kashe ciwo, amma a wannan hali ban goyi bayansa ba, kuma ga dalilina. Ko mutum bai ci komai ba, tumbinsa yana fitar da ruwa kimanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu kowace rana, ban da yawun da yake haɗiya. A jikin mai lafiya wannan ruwa yana wucewa hanji ya koma jini. Idan hanya ta toshe, duk a ƙasa yake ƙarewa, tare da asid da gishirin kulorayid da ke cikinsa. Jiki ya bushe, ma'aunin jini ya karkata, ƙoda kuma a ƙoƙarinta na riƙe ruwa da gishiri sai ta riƙa zubar da fotasiyam, wanda idan ya yi ƙasa sosai yakan kawo kasala, ya kuma rikita bugun zuciya. Ki tuna cewa ƙodar Baba ta dama wataƙila ta riga ta kumbura saboda fitsari ba ya sauka, ke nan ta hagu ce ke ɗauke da nauyin duka, ga shi ita ma ana hana ta ruwa. Mafi ƙarfin tsofaffin magungunan wannan kansa, wato sisfilatin, ba a ba da shi sai ƙoda tana tace abin da ya kai mililita 50 zuwa 60 a minti ɗaya, kuma sai marar lafiya yana da ƙarfin tashi ya yi hidimar kansa. Wanda aka yi wa kemo yana cikin amai da yunwa, maganin ne zai kayar da shi kafin ya taɓa kansar. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Shi ya sa robar hancin nan da kuke ganin tana wahalar da shi take da muhimmanci. Ranar farko da aka saka ta, ba abin mamaki ba ne a ga lita biyu ko fiye na ruwa mai duhu ya taru a jaka, cikin da ya yi tsini ya sauka, marar lafiya ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Tana kuma kare shi daga babban haɗari, wato amai ya sarƙe shi ya faɗa huhu. Tare da ita ake ƙarin ruwan gishiri ta jijiya, a ƙara fotasiyam gwargwadon abin da gwajin jini ya nuna. Idan ƙodar dama ta kumbura kuma tana da sauran amfani, ko ta kamu da ƙwayoyin cuta, likitan hanyar fitsari yakan saka siririn bututu ta ciki ko ya huda ta kwiɓi ya ba fitsarin hanya.

Sai zaɓin da aka ba ku. Bututun ƙarfen raga ce da aka saƙa da siraran wayoyi, ana shigar da ita a naɗe ta cikin na'urar leƙen ciki, idan an kai wurin da ya tsuke sai a sake ta, ta buɗe da kanta cikin kwana ɗaya ko biyu ta tura bangon hanji gefe. Ba a yanka, ba a daɗewa a asibiti, kuma mafi yawan marasa lafiya suna fara shan ruwa-ruwa washegari. Aibinta shi ne ba ta da dogon zango: kansar takan tsiro ta cikin ramukan ragar, ko abinci ya cushe ta, ko ta gurgusa daga inda aka ajiye ta, sai a koma a sake. Tiyatar kuwa ba cire kansar ake yi ba. Ana ɗauko wani sashe na ƙaramin hanji da ke gaba da toshewar a ɗinke shi da tumbi, abinci ya sami sabuwar hanya ya kewaye wurin da ya lalace. Tsohon aiki ne, wanda Anton Wölfler ya fara yi a birnin Biyana na Ostiriya a 1881, kuma har yau da tsohuwar zuma ake magani, sai dai yanzu akan yi shi ta ƙananan huji da kyamara. Yana bukatar jikin da zai jure maganin barci da warkewar ɗinki, kuma tumbin da ya daɗe a buɗe yakan yi kwanaki kafin ya koma tura abinci, amma idan ya kama, yana daɗewa. Wani bincike da aka yi a Holan, aka wallafa a 2010, wanda ya gwada hanyoyin biyu, ya kai ga shawarar cewa wanda ake sa ran zai wuce wata biyu kuma yana da ƙarfi, tiyata ta fi masa, wanda kuwa jikinsa ya yi rauni ƙwarai, raga ta fi masa. Akwai hanya ta uku a manyan cibiyoyi, inda ake haɗa tumbi da hanji daga ciki ta amfani da na'ura mai sikanin da wani gajeren bututu mai baki biyu, ba tare da yanka ba, amma sai inda ake da gwanin aikin.

A ganina, tambayoyin da za su raba muku gardama su ne waɗannan: shin toshewar wuri ɗaya ce ko akwai wasu a gaba, shin akwai ruwa a cikin cikinsa ko kansar ta bazu a tantanin da ya lulluɓe hanji, kuma yaya ƙarfin jikinsa yake kafin wata ukun nan. Idan Baba yana fita da ƙafarsa yana harkokinsa kafin aman ya kayar da shi, kuma toshewar ɗaya ce, zan fi karkata ga tiyata bayan an gyara masa ruwa da jini. Idan akwai ruwa a ciki ko toshewa a wurare da yawa, ɗinkin ba zai yi amfani ba, kuma ita ma ragar ba za ta wadatar ba. A irin wannan hali akan saka ɗan bututu ta fatar ciki zuwa tumbi domin ruwan ya riƙa fita, a cire masa robar hanci, a haɗa da allurar da ke rage yawan ruwan da tumbi ke fitarwa.

Bayan an buɗe hanya, jiki ya ɗan murmure, sai a fuskanci kansar. Ba zan ɓoye miki ba, kansar da ta fito daga hanyar fitsari har ta danne hanji ta yi nisa, kuma mafi yawan lokaci manufar magani ita ce a danne ta, a tsawaita kwana cikin sauƙi, ba a tumɓuke ta gaba ɗaya ba. Duk da haka, abin da ake da shi yau ya fi na shekaru goma da suka wuce. An daɗe ana amfani da jemsitabin haɗe da sisfilatin, ko da kabofilatin ga mai raunin ƙoda. Daga 2020 aka fara bin bayan kemo da abelumab, maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, ga waɗanda kansarsu ta tsaya. A Disamban 2023 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da haɗin enfotumab bedotin da fembirolizumab a matsayin maganin farko, bayan wani babban gwaji ya nuna cewa rabin waɗanda aka ba su haɗin sun wuce wata 31 da rabi a raye, alhali a ɓangaren kemo wata 16 ne. Ba ko'ina ake samun waɗannan ba, kuma suna da nasu illolin, irin su ƙurajen fata, hauhawar sukari da raguwar jin taɓi a yatsu, amma ya kamata ku san da su domin ku tambaya.

Idan aka sallamo shi, kada murna ta sa a cika masa kwano. Wanda ya yi watanni bai ci ba, idan aka ɗura masa abinci lokaci ɗaya, gishirin fosfet na jininsa yakan faɗi warwas har ya taɓa zuciya da numfashi, shi ya sa ake farawa kaɗan-kaɗan, a ba da bitamin B1, a riƙa duba jini a kwanakin farko. A fara da ruwa-ruwa, a koma mai laushi, sau shida ko fiye a rana, ya ci a zaune ya kuma ci gaba da zama na kusan awa ɗaya bayan ya gama. Idan raga aka saka, a guji nama mai jijiya, ganye mai zare, da ɓawo ko ƙwallon 'ya'yan itace. Kada a sayo masa maganin amai a kanti, musamman metokulofuramid, wanda ke matsa wa tumbi ya tura abinci, domin idan hanya a toshe take murɗa kawai zai ƙara masa. Haka kuma a nisanta shi da magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen saboda ƙodarsa.

Abu biyu nake roƙonku a matsayinku na 'ya'ya. Kada a tuhumi mahaifiyarku a kan jinin bara, domin jinin da bai zo da zafi ba ya yaudari mutane masu yawa, har da ma'aikatan lafiya. Sannan kada a yanke shawarar raga ko tiyata a bayan idon Baba. Jikinsa ne, kuma a sanina dattawa sukan gane halin da suke ciki tun kafin a gaya musu, ɓoyewar sai dai ta bar su su kaɗai da tunaninsu.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Shekaruna 58, kuma na yi kusan shekara 30 ina shan sigari. Wata biyu da suka wuce na ga fitsarina ya yi ja sau ɗaya, babu zafi babu zazzaɓi. An ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha, ban sake gani ba. Shin ke nan na warke?

Daga wani mai karatu.

AMSA: Malam, ɗaukewar jinin ba shaidar warkewa ba ce, kuma ba lalle maganin da ka sha ne ya tsayar da shi ba. Haka kansar hanyar fitsari take yi, ta zubar da jini yau, ta yi shiru na watanni tana girma. Ba ina cewa kana da ita ba, domin tsakuwar ƙoda, kumburin furostet (gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), da tsargiya ga wanda ya taɓa shiga ruwan da ke ɗauke da ita, duk suna kawo jini, kuma mafi yawan waɗanda aka bincika ba a samun kansa. Amma a shekarunka, da tarihin tabarka, ba a sallamarka sai an yi abu biyu: a leƙa mafitsara da siririyar kyamara, aikin da ake gamawa cikin mintuna kaɗan da maganin kashe zafi na shafawa, sannan a yi hoton siti-sikan na hanyar fitsari da ruwan da ke haska ƙoda da bututu. Sikanin na yau da kullum yana da amfani, sai dai ƙananan tsiro na bututu sukan kuɓuce masa.

Taba ce ke da alhakin kusan rabin kansar mafitsara, domin gubar da huhu ya zuƙa ƙoda ce ke tace ta, ta kwanta a mafitsara awa da awanni tana jiƙa fatar wurin. A 2022 an ƙiyasta sababbin masu wannan kansa a duniya sun kai kimanin 614,000. Idan ka taɓa aiki a masana'antar rini, roba ko fenti, ka gaya wa likita, domin tun 1895 wani likitan fiɗa na Jamus, Ludwig Rehn, ya lura da yawan tsiron mafitsara a tsakanin ma'aikatan rini. Ka kuma yi hattara da haɗe-haɗen ganye da ba a san abin da ke cikinsu ba: a farkon shekarun 1990 mata da dama a Beljiyam sun rasa ƙodojinsu bayan shan ƙwayoyin rage ƙiba da aka gauraya da tsiron da masana ke kira Aristolochia, kuma daga baya aka sami kansar saman hanyar fitsari a jikin da yawa daga cikinsu. Ka daina tabar tun yau, ko me gwajin zai nuna, domin haɗarin yana raguwa da shekarun da mutum ya yi da dainawa.

TAMBAYA: Likita, bara aka cire wa maigidana ƙodar dama da bututunta saboda kansa, aka ce an kwashe duka. To me ya sa har yanzu ake kiransa leƙen mafitsara kowane wata uku? Ya gaji, yana cewa ba zai koma ba.

Daga wata mai karatu.

AMSA: Hajiya, ki lallashe shi ya koma. Kamar yadda na bayyana a amsar farko, fata ɗaya ce ta shimfiɗe hanyar fitsari daga sama har ƙasa, kuma duk abin da ya ɓata ta a ƙoda ya bi ta mafitsara, ban da ƙwayoyin kansar da fitsari kan kwaso daga sama ya sauke a ƙasa. Wannan ne ya sa tsakanin kashi 22 zuwa 47 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa irin aikin maigidanki sukan sami sabon tsiro a mafitsara, mafi yawa a shekara biyun farko. Idan aka kama shi yana ƙarami, ta mafitar fitsari ake kankare shi ba tare da yanka ba, kuma idan leƙen ya ci gaba da fitowa lafiya, likitoci sukan ƙara tazarar da ke tsakani. Hoton da ake haɗawa da shi kuma yana duba gurbin ƙodar da aka cire da kaluluwar bayan ciki, wato daidai inda farkon hanji yake kwance. Idan kika ga ya fara ƙoshi da loma kaɗan, ko yana gyatsa mai wari, ko ya amayar da abin da ya ci jiya, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati, kuma kada a fara maganin gyambo a gida. Ku je a ranar, ki riƙe takardar tiyatarsa da sakamakon gwajin naman a hannu, ki gaya wa likitan da kuka tarar cewa ƙodar dama ce aka cire.